Babin da Baffa Ya Ƙone

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, balle ka karanta ta, amma wallahi idan ban rubuta ba zuciyata fashewa za ta yi. Inna tana lafiya, sai ƙafar nan tata. An yanke geron gonarka ta Rawayya, ya yi kyau.

Baba, Baffa Sani ya ƙone babin ƙarshe na littafinka.

Ka san babi shida suna wurina a Gusau ina buga maka su a kwamfuta, na bakwai kuwa ka bar shi a ɗakinka a Bungudu. Bayan sadakar arba'in aka share ɗakin. Baffa ya ga takardu, kowane shafi da Bisimillah a samansa kamar yadda ka saba. Ya ce ba a jefa sunan Allah a bola, ba a kuma bar wa mai ƙosai ta naɗe kaya da shi. Ya tattara ya cinna musu wuta, ya binne tokar. Da na je, har murna yake, wai ya yi maka alheri. To me zan ce masa? Ƙaninka ne, kuma ba don mugunta ya yi ba. Na yi masa godiya, na zaga bayan rumbu na yi kukana.

Shekara nawa ka yi kana koyar da kimiyya a sakandare, kana cewa sai ka rubuta labarin sararin samaniya da Hausa? Kai ka raɗa wa tarin taurarin nan masu nisa suna garken taurari. Kai ka fasa wa Inna kofin gilashinta mai doguwar ƙafa, ka kara gindinsa a gaban fitila, hasken ya koma zobe, tana faɗa kana dariya. Da shi ka nuna mana yadda garke mai nauyi yake lanƙwasa hasken wani garken da ke bayansa, har a gan shi biyu a madubin hangen nesa. Duk wannan yana babi na shida. Yadda ake auna nisansa ne ya tafi a wuta.

Misalinka kawai na riƙe. Motoci biyu sun tashi daga Tsafe za su Bungudu da gudu iri ɗaya, ɗaya ta ratsa Gusau, ɗaya ta zagaye. Dole wata ta riga wata. Haka haske yake: idan tauraro ya fashe can, sai a gan shi a ɗaya daga hotunan garken biyu, a jira kwanaki kafin ya bayyana a ɗayan. Daga wannan jinkirin ake lissafa nisan. Amma ta yaya ka bayyana lissafin har manomi ya gane? Ta yaya, Baba? Me ya hana ka ɗauki hoton takardun nan a waya? Sau nawa na nuna maka yadda ake yi?

Haba, wa nake yi wa faɗa? Sau uku ka ce in zauna ka karanta mini babin. Sau uku na ce sai na gama duba takardun jarrabawar ɗalibaina. Gaskiyar da ban faɗa maka ba, na gaji ne da zancen taurari. Na ɗauka lokaci yana nan.

Mai ɗab'i ya ce ba zai buga littafin da bai da ƙarshe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta babin da kaina, sunanka kuma za a sa a bango. Nawa shafi huɗu ya tsaya. Baffa ya ce naka goma sha biyu ne, don sai da ya ƙirga kafin ya ƙone. Ban san abin da ka faɗa a sauran takwas ɗin ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya kai rahama kabarinka. Ka yafe mini.

'Yarka mai taurin kai,
Rabi