Wayar da Na Sa Aka Yanke

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a makwancinka, Allah Ya haskaka shi, Ya yalwata maka shi. Na san wannan takarda ba za ta wuce cikin adakata ba, idonka kuwa ba zai taɓa sauka a kanta ba. Amma shekara talatin da takwas duk abin da ya yi mini nauyi a baki gare ka nake kai shi, yau ma ban san wata ƙofa ba.

Bari in fara da na daɗi kafin in ɓata maka rai. Autarka Sadiya ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunan mahaifiyarka, Ummi muke ce mata. Ƙaninka Malam Buba ya zo daga Garki ranar Lahadi da nono da man shanu. Ya ce sun gama sharar gona, wasu har sun yi binne, idon kowa yana sama. Zafin bana a Dutse ya isa, duwatsun nan huci suke yi har bayan magariba. Dalbejiyar da ka hana a sare kuwa ta leƙa katangar maƙwabta, kuma ni ake yi wa ƙorafi, kai ka huta.

Babban labarin shi ne ɗanka na fari ya buɗe ɗakin rediyonka, inda kake hira da mutanen ƙasashen duniya ta iska. Ya je ya zauna jarrabawar, ya karɓi nasa lasisin, ya share ƙurar akwatunanka ɗaya bayan ɗaya. Kullum ya taso daga ofis nan yake shigewa, kamar yadda kake yi. Sadiya ta ce mini wani tsoho daga wata ƙasa mai nisa ya ji muryarsa ya ɗauka kai ne, da aka faɗa masa ka rasu sai ya yi masa ta'aziyya. Na san da kana nan da bakinka bai rufu ba. Ni kuwa tun ranar da ya murɗa makullin ɗakin nan hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Ka rayu kana tsammanin ban san komai ba game da kayanka. Ai madafa tana jikin tagar ɗakin, kunnena kuma ba toshe yake ba. Na san rediyon. Na san amfilifaya, babban akwatin nan mai nauyin buhun gero, mai ƙara wa murya ƙarfi har ta tsallake teku. Na san ƙaramin akwatin da ke daidaita eriya da kansa, wanda kake kira ɗan sulhu. Na san tsarinka ma: ka rage wuta ƙasa-ƙasa, ka bar ɗan sulhu ya yi ƙas-ƙas-ƙas ɗinsa har koriyar fitila ta kama, sannan ka kunna babban. Ba ka taɓa barinsa ya yi lalube babban yana kunne ba, ka ce cikinsa zai yi tartsatsi ya ƙone. Sau nawa na ji kana nanata wa baƙi cewa ɗan sulhu ba ya gyara komai? Ka ce shi dai ya ga rediyo ta daina ƙorafi, ko igiyar shanya ta ƙarfe aka haɗa masa zai lallaɓa ya kunna koriyar fitilarsa, ɓarnar tana nan inda take.

Na kuma san wayar ƙasa. Mai kaurin nan ta jan ƙarfe da ta fito ta ƙasan taga, ta bi tsakar gida zuwa sandar da ka kafa a gindin dalbejiya. Kwana uku kuna fama da dutse kai da leburori kafin sandar ta shiga. Ka ƙarar mini da gawayi da gishiri a ramin, muka yi faɗa a kai. Daga nan ka mai da wurin alwalarka can, wai don ƙasar ta zauna da danshi. Ka ce ita ce hanyar da muguwar wuta za ta bi ta tafi, in babu ita sai ta nemi jikin mutum.

Malam, babu ita. Ni na sa aka yanke.

Ranar sadakar uku ne. Gidan ya cika maƙil, ana kafa rumfa a tsakar gida. Goggo Dije, ƙanwar mahaifinka, ta fito za ta yi alwala, ƙafarta ta harɗe da wayar, ta kifa, haɓarta ta fashe. Nan take na sa masu rumfa su datse ta, su tumɓuke sandar. Sai da ƙarti biyu suka sa diga. Da mai jari-bola ya zo wucewa aka miƙa masa ta ƙofar baya. Shi ɗan naka yana ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, bai san me ake ciki ba.

Zan iya ce maka don Goggo na yi. Haka na yi ta faɗa wa kaina. Ƙarya ne. Haushinka nake ji. Ranar da ciwon ya kama ka, sau uku ina aiko maka mu tafi asibiti, kana cewa a bari ka gama gaisuwar safe da mutanenka na iska. A kujerar nan muka same ka, abin sauraro yana kunnenka. Da na ga jinin Goggo a ƙasa sai na ga abin da zan huce a kansa. Da ina da ƙarfi a ranar, da ɗakin ma na rushe. Wa ya ce mini za a sake buɗe shi?

Ban tsaya nan ba. Na gara turmi na rufe ramin. Da na fita takaba aka zo yi wa tsakar gida siminti, birkila ya ɗago guntun wayar da ya rage a jikin bango ya tambaye ni yadda za a yi da shi. Na ce ya tura shi ciki ya shafe. Yanzu duk wanda ya duba zai ga waya ta fito daga taga ta shige ƙasa tsaf. Abin da ke cikin simintin bai fi taƙi ɗaya ba.

Ga abin da nake gani tun da ya fara. A zamaninka ɗan sulhu kan gama ƙararsa kafin mutum ya yi bisimilla ya kai loma. Yanzu sai in karanta Fatiha in shafa yana ta ƙas-ƙas, ya tsaya, ya sake ɗauka, daga baya dai koriyar ta kama. Wani lokaci ina jin fankar babban tana gudu shi kuma ƙaramin yana lalube, don ɗan naka bai gado haƙurinka ba, nawa gajen haƙurin ya ɗauko. Sau biyu ina jin ƙaurin roba ta taga. Fitilar soro tana kamawa da kanta duk sanda ya yi magana, alhali a kashe take. Ran nan muryarsa ta fito ta lasifikar masallacin unguwa ana shirin la'asar, liman ya aiko da kyakkyawan lafazi. Mutanen gida suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Shekaranjiya na ga wani farin tabo a leɓensa. Na saci kallo ne, ka san ba na dubansa ido da ido. Matarsa Rabi ta ce mini makirufo ne ya cije shi, ita ma mariƙin ƙofar ɗakin ya taɓa jan hannunta. Tana faɗa tana dariya, goyonta a baya.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Damina ce. Ka koya masa cewa da zarar hadari ya haɗo ya zare wayar eriya daga jikin akwatunan ya ɗaure ta a kan wayar ƙasa, don abin da ya faɗo daga sama ya zarce ƙasa. Ya riƙe wannan karatu, na ji yana maimaita wa Rabi kalma bayan kalma. Eriyar nan tana nan a kan dogon ƙarfen da ka kafa, babu abin da ya kai ta tsawo a layinmu na Takur. Zai ɗauki wayarta da hannunsa ya ɗaure a kan guntun da na bar masa, a ƙarƙashin taga, dab da kujerarsa. In tsawa ta sauka, ina za ta je, Malam? Biyayyar da yake yi maka ita ce abin da na fi tsoro.

Za ka ce in faɗa masa mana. Kai ma ka san abin da kake faɗa? Mu Fulanin Garki haka muka tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Nawa ya zo biyu, tunda sunan mahaifinka ka sa masa. Ranar da aka yaye shi mahaifiyarka ta goya shi ta tafi, ina daka ban ɗago kai ba, mata suna yaba mini. Bayan ɗaki na je na yi kukana. Har yau Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. Shekara talatin da shida duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakinka take bi. In ce ka gaya wa wancan kaza, ka yi murmushi ka je ka gaya masa, har ka ƙara da abin da ban ce ba. Ka tafi ba ka bar mana wata hanya ba.

Na gwada. Na kira Sadiya a waya na ce ta ce wa yayanta ya duba wayar ƙasa. Ya fito, ya tsuguna, ya ja ta da hannu, siminti ya riƙe gam. Ya aiko a ce wa Adda ta kwantar da hankalinta, aikin Baba ba ya lalacewa, ga koriyar fitila tana kamawa kullum. Da Malam Buba ya zo na ɗauko zancen, na kai bakin gaɓa, sai na ga yadda yake shafa ƙofar ɗakin yana yi maka addu'a, na koma maganar nono. Rabi kuwa suruka ce. Da wane baki zan ce wa yarinyar nan ni na yanke, ni na ɓoye, kwana uku da binne ka?

Gaskiyar ita ce ba kunyar ɗan fari kaɗai ke riƙe da ni ba, fakewa nake yi da ita. Tsoron idonsa nake ji. Ban taɓa ba shi komai da hannuna ba, ko ɗan wake. Kai ne uwarsa, kai ne ubansa. Maganar farko da zan yi masa a duniya kuma ta zama cewa na lalata abin da ka bar masa? In ya dube ni ya sunkuyar da kai ya fita, ba ni da abin da zan kira shi da shi ya dawo.

Ranar Juma'a liman ya yi addu'ar ruwa, muna jiyowa daga cikin gida. Rabi ta ɗaga hannu, maƙwabta suka amsa. Ni bakina ya ƙi cewa amin. Ka ji inda na kai. Gero yana binne a Garki, shanu sun rame, ni ina zaune ina fatan sama ta ƙara jinkiri saboda laifina. Na yi istigfari har na rasa adadi, zuciyar dai ba ta sauka ba.

Da hantsi na fara wannan takarda, ina rubutawa ina ajiyewa. Yanzu an yi la'asar, kuma garin ya canja. Tun azahar iska ta juyo daga gabas. Saman duwatsu ya yi baƙi ƙirin, awakin maƙwabta sai kuka suke yi, Rabi ta kwashe shanya tana murna. Ɗan naka kuma ya taso daga ofis da wuri. Ya tsaya bakin ƙofata ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar kullum. Ya shige. Ga fankar babban nan ta tashi. Ga ƙas-ƙas ɗin nan, har yanzu bai tsaya ba. Na ji rugugi can nesa wajen hanyar Kiyawa.

Ba zai daɗe ba zai leƙa taga ya ga sama, ya miƙa hannu ga wayar. In na aiki Rabi, amsar da ya ba Sadiya zai ba ta. In na tsaya bakin ƙofa na yi gyaran murya ba zai ji ba, abin sauraro yana kunnensa, baya ya ba ƙofa, kamar yadda kake zama. Sai an kira shi da sunansa, da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji.

Ka yafe mini wayar, Malam. Ka yafe mini haushin da na ji kana kwance ba ka iya kare kanka. Ka roƙar mini mahaifinka afuwa, don yau zan kama sunansa a tsakar gida. In yaron ya ƙi dubana daga yau har in mutu, na yarda, ya dai kasance yana numfashi yana ƙina.

Iska ta fara buga tagogi. Ban taɓa ko rubuta sunan ba. Bari hannu ya fara, ko baki zai bi.

Sai mun iso. Allah Ya jiƙan ka.

Ni ce matarka,
Hajara, uwar Usmanu.