Na Koyi Abin Da Ban Yi Wa 'Yar Yayata Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni nas ce a ɗakin yara, shekara tara ke nan. Makon jiya aka tura mu kwas, mu da likitoci, kan kula da yaran da ciwo ya yi wa tsanani. Rana ta uku malamar ta kwantar da 'yar tsanar roba a gado, ta ce mu ɗauka 'yar shekara biyu ce, ta yi jijjiga ta suma. Duk muka nufi ƙarin ruwa da oksijin. Ta tuna mana ba wanda ya soki yatsa ya auna sukarin jini, aikin minti ɗaya. Anti, sirinji faɗuwa ya yi daga hannuna. Haka aka kawo 'yar yayata bara. Ni na karɓe ta, na yi komai ban da wannan. Ba ta kai la'asar ba.

Har yau Yaya yabona take a gaban mutane, wai na yi iya ƙoƙarina. In ta faɗa sai in ji kamar in nutse. Ga shi ran Litinin ni zan koya wa abokan aikina darasin nan, alhali ko na'urar awon ba na son gani. In gaya wa Yaya? Ko in nemi canjin ɗaki?

Taki,
Mai Farin Kaya

Ƙanwata, Allah ya sa yarinyar mai ceto ce.

Ba ki auna ba, don haka ba ki san ko sukarin ne ba. Zato kike yanke wa kanki hukunci da shi, kuma da ilimin da bai zo miki ba sai bana. Ki sami malamarku ko babban likitanku, ku duba fayil ɗin yarinyar tare.

Yayarki na da haƙƙin sanin gaskiya, ban musa ba. Amma kada ki fama mata ciwo da "wataƙila" don ke ki samu sauƙi. In fayil ya nuna wani abu, ki zaunar da ita ku biyu, ki faɗa mata ba kwana-kwana.

Canjin ɗaki kuwa, a'a. Duk cikinku ba wanda ya kai ki sanin nauyin wannan darasi. Wata uwa na nan tafe a guje da ɗanta a kafaɗa, gara ta tarar da waɗanda kika koya wa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya dafa miki ran Litinin.

Antinku