Ranar da Rabi ta kira sunanki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki a durƙushe kamar kullum, tare da fatan makwancinki yana da sanyi. Daga shagon ɗinkina na Maourey nake rubuto miki. Na san ba za ki karanta ba, wasu ne za su karanta a madadinki, amma abin da na gani a kotu makon jiya ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Kin san takwararki. Kamiyo guda, babbar motar kaya, ya kawo ku Yamai daga Konni, dambu kuke sayarwa gefe da gefe a bakin babbar kasuwa. Da yake ba ma kiran sunanki, ita ma ba mu taɓa kiran nata ba, Inna Ƙarama muke ce mata. Ita ta yi miki wanka ranar da kika rasu.

Ita ce kuma ta sayar da autarki, Rabi.

Bayan an share makoki ta ce ta samo wa Rabi aikin gida a Libiya, girki da reno kawai. Da kanta ta raka ta tasha, ta damƙa ta a hannun direban Agadas, har da guzurin dabino. Abin da Rabi ta tarar a can gida ne mai ƙofar ƙarfe, cike da ƴan mata, maza na shiga suna fita. Sauran ba zan gaya miki ba. Da aka dawo da ita cikin ayarin waɗanda aka kwaso, sai da ta yi magana na shaida ta.

Jandarmomi sun kama takwararki a gidanta na Kalley tare da wasu mata, da ƴan matan Najeriya da Benin a ɗakin baya suna jiran mota. An mayar da yaran ƙasashensu, shaida ta rage Rabi kaɗai.

A nan ne tarbiyyarki ta so ta kashe mu, Inna. Duk bayanin da Rabi ta yi wa jandarmomi, Inna Ƙarama ta riƙa cewa. Aboka, wato lauyan matar, ya kama nan ya riƙe. Ya ce babu katin ɗan ƙasa da ke ɗauke da wannan suna, kuma duk tsofaffin gidan inna ake ce musu. Alƙali ya ce yana son jin suna daga bakin yarinya. In ba ta faɗa ba, matar za ta iya komawa gida, ɗakin baya ya sake cika.

Da kin ga takwararki! Farin mayafi, carbi a hannu, tana yi wa Rabi murmushi kamar ta zo mata barka da salla. Sai a lokacin na gane lissafinta. Ta san gidan da yarinyar ta tashi. Ta san ko a layin asibiti, in aka tambayi Rabi sunan uwa, ni take zungura, ni kuma in miƙa katinki. Da kunyar da kika shuka mana ta so ta sha. Wallahi na ji kamar in tsallake benci in shaƙe ta.

Sai da tafintan kotu ya maimaita wa Rabi tambayar. Ni da kika ce bakina ya fi keken ɗinkina gudu, abin da ke yawo a kaina kawai faɗan da kike mata in ta yi baƙo: "Rabi, ɗaga murya, ba sata kika yi ba."

Sai na ga ta cire takalmanta, kamar za ta shiga ɗakinki. Ta ɗan rusuna, ba ga alƙali ba, ba ga kowa a ɗakin ba. Ta nemi gafararki a fili. Sannan ta miƙe ta dubi matar ido cikin ido, ta kira sunan, ta haɗa da na uban matar, ta nuna ta da yatsa.

Ban taɓa jin sunanki da muryar jininki ba, ashe haka yake da nauyi. Tafinta bai fassara ba, babu abin fassarawa. Carbin ya tsaya a hannun takwararki. Ina kallon yarinyar da nake aike sayen zare, na rasa daga ina Allah ya haƙo mata wannan zuciya.

An yanke wa takwararki shekaru masu yawa a gidan kaso.

Amma Rabi ba ta yi murna ba. Muna tafe tana tambayata ko za ki yi fushi, ta kira ki gatsau a gaban maza, a kan magana irin wannan. Na ce mata zan tambaye ki, ga shi na tambaya. Ki yafe mata, Innata. Ba ke ta kira ba, ƙwato miki sunan ta yi daga hannun wadda ta ɓata shi. Ni da nake yayarta, kin ga har na zo ƙarshen wasiƙar nan hannuna ya ƙi rubuta shi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya zuciyar Rabi, ya dawo da ƴaƴan mutane da har yanzu ke bayan ƙofofin ƙarfe. Amin.

Taki ƴar fari,
wadda ke ma ba ki taɓa kiran sunanta ba.