Salatin Garkarmu

Tawa, daren Alhamis

Tun ranar Litinin da na kai wa mijina Isuhu abinci garka na kasa buɗe littafin da nake karantawa. Na tarar da tiyonsa na ban ruwa cikin tabkin da ake tara ruwan kwata, gansakuka ta naɗe shi, wari har maƙogwaro. Ya ce, "Ai tatacce ne, Hadiza, kuma kullum ina kwashe gansakukar." To don me ya bar ni ina rantse wa matan unguwa cewa salatinmu ruwan rijiya yake sha? Har Inna na aika wa a Kalfu. A littattafaina wata mace miji yake ɓoye wa matarsa, nawa kuwa tiyo ya ɓoye mini. Gobe zan bi matan unguwa gida-gida in faɗa musu, ko da sun daina saye.