Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Al Warsan, Dubai
Watan Nuwamba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya mutanen Zinder? Mu nan lafiya lau. Maigidana Hamissou da tagwayenmu suna gaishe ki.

Inna, ban san da wane baki zan gode miki ba. Da ƙanena Yacouba ya ce kin yarda ya taho da 'yar taki wannan hutun lakwal, in an rufe makarantu, sai da na shige kicin na yi kukana. Tun yaye take hannunki, ga ta yau shekara tara. Ni kuwa 'yar fari ce gare ni, kuma kamar yadda kika tarbiyyantar da mu, ban taɓa kama sunanta ba, ko a takarda.

Shiri ya kankama. Gida uku za mu tafi wurin wasan nan mai lilo da jiragen da ke juya mutum sama da ƙasa: mu, da Yacouba da matarsa Rahila da yaransu, sai maƙwabtanmu 'yan Ghana, Abukari da Fuseina. Babu wanda ya taɓa leƙa wurin a cikinmu, amma Hamissou ya naɗa kansa jagora, kullum yana kan waya yana nazarin taswira kamar mai shirin yaƙi. Fuseina ta yi niyyar dafa mana shinkafa da wake irin tasu, aka ce ba a shiga da abinci, har yau fushi take.

Na yanko atamfa ruwan ɗorawa a kasuwar Deira, za mu yi anko don mu gane juna cikin taro. Doka ɗaya muka kafa, kowace uwa ta riƙe nata. Ita kuwa na ce Rahila ta haɗa da nata, kada a ce Dubai ta cire mini kunya.

Amma ba zan ɓoye miki ba, Inna. A waya Anti take ce mini. Ina tsoron ta zo ta koma a haka.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Salamatou

Al Warsan, Dubai
Watan Disamba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya kewar mutuniyar taki? Kafin ki karanta sauran, ki sani kowa lafiya yake.

Mun je. Yara sun yi wasa har muryarsu ta dishe, Abukari mai cika baki ya sauko daga jirgin farko yana salati, bai sake hawa komai ba. Ankon nawa kuwa ya ba ni kunya, domin wata makaranta ta kawo ɗalibai birjik, duk da riguna ruwan ɗorawa.

Bayan la'asar mazan suka hau wani dogon lilo. Na juya na ga Rahila da yaranta, ban ga taki ba. Rahila ta manta da abin da na ce mata, tana zaton yarinyar tana wurina, tunda ni ce uwa, ni ina zaton tana wurin Rahila. Ashe a dokar tamu kowane yaro yana da hannun da zai riƙe, ban da ita.

Na duba dama da hagu, babu ita. Fuseina ta ruga neman ma'aikata, ni na kutsa cikin mutane ina ta ke, ke, kamar mai korar akuya. Wa zai juyo? Inna, ki yafe mini, nan na ajiye kunyar. Na buɗe baki na kira sunanta da iya ƙarfina, har Larabawa suna waiwayo.

Na hango ta tsaye gaban dawakan katako masu zagayawa, ba ta da nisa. Na kira, na sake kira, ba ta juyo ba, sai da na dafa ta. Na rungume ta gaban Rahila, gaban kowa, ban damu ba.

A mota na tambaye ta ko ba ta ji ni ba. Ta ce ta ji sarai, ta kuma gane muryata. Ta ɗauka wata mai irin sunanta nake kira, tunda ita ba na kiran ta. Maganar nan ta fi ɓatan nata yi mini ciwo.

Tun ranar nake kiran ta, ko ba dalili. Har yanzu Anti take cewa, ban matsa mata ba, amma jiya da za mu tsallaka titi ita ta fara kamo hannuna.

Na gode wa Allah da ya dawo mini da ita, na gode miki da kika raine ta, kika kuma aro mini ita. Za ta dawo miki tare da Yacouba kamar yadda aka yi alkawari. In kin ga na yi rashin ta-ido, faɗanki zan sha, na yarda.

Muhsinat tana gaishe ki. Ga shi na rubuta.

'Yarki,
Salamatou, uwar Muhsinat