Allunan da Suka Riga Sabar Tashi

Zuwa ga Injiniyata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yara suna lafiya.

Ina mai sanar da ke da duniya baki ɗaya cewa yau na yi sallama da tsani. Na jingine shi a bayan ofis, ko waiwaye ban yi ba.

Kin san likita ya hana gwiwata hawa, manaja kuma ya ce wanda ba zai hau ba ya nemi wani aikin. To, allunan nan na tasha masu nuna lokacin tashin motoci, na daina hawa don sabunta musu katin ajiya. Na koya wa ɗan shirin kwamfutar da ke tada kowannensu daga barci sabon karatu: da ya farka ya bi waya zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ofishina, ya ɗauko manhajarsa. Na yi hawan ban kwana, na zare katunan duka.

Na ga saƙonki cewa in bar su a ciki, ko da sabar za ta ƙi amsawa. Ba zan bari ba. Muddin akwai kati a sama, manaja zai samo dalilin tura ni wurinsa.

Ki gaida Inna.
Naki, Mai Taurin Kai

Injiniyata,

Bayan gaisuwa, ina fata Inna ta fara cin abinci.

Jiya da hantsi aka ɗauke wuta, aka maido. Allunan suka farka nan take suka kira sabar, ita kuwa tsohuwa tana can tana miƙa. Kowanne ya tambaya sau ɗaya, ya ji shiru, ya yi zuciya ya kama bakinsa. Tasha ta rikice, fasinjoji suka yi cincirindo a ƙofata. Manaja, wanda ko jakarsa ba ya ɗauka, shi ya saɓo tsanin da kansa.

Na ce masa ba zan hau ba, ya kore ni in ya ga dama. Na jira sabar ta gama wanke ido, na kashe wutar allunan na kunna. Suka haskaka ɗaya bayan ɗaya. Daga kujerata na aika musu umarni su riƙa naci irin na autarmu, su yi ta tambaya har a amsa. Manaja ya ce aikina yana nan.

Sai dai allon bakin ƙofa bai tashi ba, ɓera ya cinye wayar da ke haɗa shi da sabar. Da katin yana ciki, da ya tashi abinsa. Tsanin yana jingine a ƙarƙashinsa, yana jirana gobe.

Ke ce da gaskiya. Ki taho mini da man zafi.

Naki, Mai Taurin Kai