Nairar Mutumin Gabi

Daren Laraba, Madarumfa

Yau a teburina na canji a Ɗan Issa, wani dattijo mutumin Gabi ya kawo nairar da ya tara yana dako a Kano tun bayan girbi. Da na miƙa mashi sefa, ya daɗe yana kallon ta.

"Alhaji, ita ke nan?"

Na ce haka radiyo ta ce: mutane da yawa sun samu aiki a Amurka, kuɗinsu ya hau, naira ta faɗi.

Ya ce, "To, ai ni ma aiki na yi."

Har godiya ya yi mani, ya tafi yana ɗingishi. Da zagina ya yi, da tuni na yi barci.